Manyan Alƙalai da Kotunan Musamman a Tarihin Nijeriya

Duk gwamnatin da ta kafa kotu ta musamman takan nemi babban alƙali ta ɗora a kanta, domin jama'a su amince da hukuncinta. Tarihin Nijeriya kuwa ya nuna cewa girman alƙali kaɗai bai isa ya tabbatar da adalci ba.

A cikin 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta kafa kotunan soja, a ƙarƙashin Dokar Soja ta 3, don tuhumar 'yan siyasar Jamhuriya ta Biyu da cin dukiyar jama'a. Hafsan soja ne shugaban kowace kotu, alƙali kuwa memba ne kawai. Babu ɗaukaka ƙara, sai dai Majalisar Ƙoli ta Soja ta tabbatar da hukunci. Saboda haka Ƙungiyar Lauyoyin Nijeriya ta umarci 'ya'yanta su ƙaurace wa waɗannan kotuna, muddin ba alƙali ne ke shugabancinsu ba.

Bayan shekara goma sha ɗaya aka ga iyakar wannan buƙata. Kotun da ta yi wa Ken Saro-Wiwa shari'a a 1995, Mai Shari'a Ibrahim Auta na Babbar Kotun Tarayya ne shugabanta. Amma akwai hafsan soja a cikinta, ba ta da ƙofar ɗaukaka ƙara, kuma majalisar mulki ta Janar Sani Abacha ce mai tabbatar da hukunci. Ran 10 ga Nuwamba aka rataye Saro-Wiwa da mutum takwas, aka kuma dakatar da Nijeriya daga Ƙungiyar Ƙasashe Renon Ingila.

Da mulki ya koma hannun farar hula a 1999, Shugaba Olusegun Obasanjo ya naɗa Mai Shari'a Chukwudifu Oputa, tsohon alƙalin Kotun Ƙoli, ya shugabanci hukumar binciken take haƙƙin jama'a tun daga 1966. Hukumar ta saurari shaidu a fili, ta miƙa rahotonta a 2002, amma gwamnatin ba ta wallafa shi ba.

Ke nan, kafin a tambayi wanda aka naɗa, ya kamata a duba dokar da ta kafa kotun: wa ke da ikon tuɓe alƙalin, ina wanda aka yanke wa hukunci zai kai kukansa, wa kuma ke aiwatar da abin da kotun ta zartar? In duk waɗannan suna hannun mai mulki, to, sunan alƙalin kawai aka ara.