Kek, safar hannu da babban lauyan New York: tarihin wani ɗan wasa na Mario Party

A watan Disamba na 1999 kamfanin Nintendo ya fitar da Mario Party 2 a Japan, a kan na'urar Nintendo 64. Cikin ƙananan wasanninsa akwai wani mai suna Cake Factory, wanda ba ya kai minti ɗaya. Mutum huɗu ne, biyu a kowane ɓangare, suna tsaye gaban bel mai tafiya irin na masana'anta. Ɗaya ya cafko kek ya ajiye, abokin aikinsa ya cafko 'ya'yan sitiroberi ya ɗora a kai. Ɓangaren da ya fi yawan kek kammalalle shi ya ci. Maɓalli ɗaya ake dannawa, kuma ba a bukatar ƙarfi ko kaɗan, sai dai sanin lokacin da ya dace.

Wannan rashin bukatar ƙarfi yana da tarihi. Mario Party na farko, wanda kamfanin Hudson Soft ya ƙera a 1998, yana da wasannin da sai an juya sandar sarrafawa da matuƙar sauri, irin na jan igiya. Yara suka gano cewa tafin hannu ya fi babban yatsa saurin juyawa, sai suka riƙa murza sandar da shi har fata ta yi bororo, wasu ma ta saluɓe. Ƙorafi ya kai ofishin babban lauyan jihar New York a Amurka, kuma a Maris na 2000 Nintendo ta amince ta raba safar hannu kyauta ga waɗanda suka sayi wasan. Kafin a kai ga wannan sulhu Mario Party 2 ya riga ya shiga kasuwa, an kuma cire juya sanda daga cikinsa. Wasannin auna lokaci, irin na kek, su ne suka samu fili.

Shi kansa kek ɗin ɗan Japan ne. Kek mai laushi da farin kirim da jan sitiroberi, kamfanin Fujiya ake dangantawa da yaɗa shi tun shekarun 1920, kuma bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya zama abin da iyalai ke saye a lokacin Kirsimeti, a ƙasar da Kiristoci ba su da yawa. Ɗan Japan na ganinsa ya san biki ake yi. A duniyar Mario ma ba baƙo ba ne: da alkawarin kek Gimbiya Peach ta gayyaci Mario fadarta a Super Mario 64 na 1996.

Amma hikimar wasan tana wurin raba abokan aiki. Mario Party tamkar ludo ne: kowa ta kansa yake yi, yana tara sulalla don ya sayi tauraro, wanda kuɗinsa sulalla 20 ne. Ba mutum ke zaɓar abokinsa ba. Launin gidan da ya sauka a kan allo, shuɗi ko ja, shi ke haɗa shi da wani. Saboda haka wanda ya sace maka tauraro ɗazu yana iya zama mai miƙo maka kek yanzu, kuma in kun yi nasara, shi ma ya ƙaru. A wasu wasannin na biyu-biyu gwani kan iya rufe gazawar abokinsa. Nan babu wannan dama, domin sitiroberi ba shi da wurin zama sai an ajiye kek. Wanda ke kan gaba a allo yakan ga abokinsa na jan jiki da gangan, ba kuwa yadda zai tabbatar.

Hudson Soft ya narke cikin Konami a 2012, aikin ya koma hannun NDcube, inda tsofaffin ma'aikatan Hudson da dama suka tare. A 2021 suka zaɓo wasanni 100 daga tsofaffin fitowa don Mario Party Superstars na Switch, Cake Factory na ciki. Jan igiya ma ya dawo, amma da gargaɗi a rubuce cewa kada a juya sanda da tafin hannu.