Daga "Kusa" Zuwa "Turi": Yadda Bidiyo Ke Haifar Da Kalma



A watan Disamba na 2006 aka buɗe shafin bidiyo na Niconico a Japan, inda sharhin masu kallo ke gilmawa ta kan hoton. In abu ya ba su dariya sai su rubuta "www". Jerin haruffan ya yi kama da tsiron ciyawa, shi ke nan dariya ta koma "kusa", wato ciyawa da Japananci.

To mu fa? A Ƙaraye da Rogo ba intanet ya fara raba mana bidiyo ba, Bluetooth ne da memori. Fim ɗin da a da sai an saro faifansa daga Ƙofar Wambai a Kano, sai ga yaro a rumfa yana zuba shi a waya da 'yan canji. Nan "turi" ya zama sunan sana'a.

Kasuwar faifai ta durƙushe, 'yan Kannywood suka koma YouTube. Yanzu kuma TikTok na ƙwace wa mai turin cinikinsa. Ko rumfar ta tashi, kalmar dai ta riga ta zauna.

Sai shiri na gaba.