Kwari da Baka: Daga Fagen Fama Zuwa Fagen Gasar Duniya

Gabatarwa

Da yawa daga cikinmu da muka tashi a gida kafin neman ilmi ko neman abinci ya kawo mu birni, muna iya tuna wani tsohon baka rataye a bangon zaure, kusa da kwarin fata da ƙura ta lulluɓe. Ranar hawan salla maharba kan fito da nasu bayan Sarkin Baka, ana kiɗa ana kirari, sannan a mayar da su rataya sai baɗi. 'Ya'yanmu da aka haifa a birni kuwa, mafi yawansu a talabijin suka fara ganin kibiya, a hannun mutanen Koriya ko Amurka. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu bibiyi tarihin yadda makamin da kakanninmu suka sani ya zama wasan da ƙasashe ke gasa a kansa, da kuma yadda ake gudanar da gasar.

Yadda Bindiga Ta Ture Baka

A ƙasar Hausa baka makamin dakarun ƙasa ne. A yaƙin Tafkin Kwatto na shekarar 1804, jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ba su da dawaki masu yawa, 'yan baka ne suka tari barade da 'yan lifidan Sarkin Gobir Yunfa har suka kore su. Shekara ɗari bayan haka, a 1903, kibiya ta gamu da bindiga mai ruwa a Kano da Sakkwato, daga nan baka ya koma hannun mafarauta.

A Turai ma haka aka yi, sai dai sun riga mu. A 1363 Sarki Edward na Uku na Ingila ya ba da umarnin kowane namiji mai lafiya ya riƙa koyon harbi a ranakun hutu. Da bindiga ta yi ƙarfi, sai sojoji suka ajiye baka, amma masu sha'awa suka ɗauke shi suka mayar da shi wasa. A 1673 aka fara gasar kibiyar azurfa ta ƙauyen Scorton a arewacin Ingila, kuma a 1844 aka yi babbar gasar ƙasa ta farko a birnin York. Bambancinmu da su a nan yake: su sun zauna sun rubuta nisan da za a tsaya, da yawan kibau, da yadda za a ƙidaya maki.

Shiga Olamfik da Fita Daga Cikinta

Harbin kibiya ya shiga wasannin Olamfik a Paris a 1900, aka sake yi a St. Louis a 1904, da Landan a 1908, da Antwerp a 1920. Amma kowace ƙasa mai masauki da irin dokarta. A 1904 Amurkawa kaɗai suka yi harbin. A 1920 ƙasashe uku ne suka shiga, wato Beljiyam da Faransa da Holan, kuma cikin abubuwan da aka yi har da harbin siffar tsuntsu da aka ɗora a kan doguwar sanda, al'adar mutanen yankin. Wani ɗan Beljiyam, Hubert Van Innis, ya tara zinare shida tsakanin 1900 da 1920. Da yake babu ƙa'ida guda da kowa ya yarda da ita, sai aka cire wasan daga Olamfik, ya shafe shekara 52 a waje.

Domin gyara wannan ɓaraka, a watan Satumba na 1931 wakilan ƙasashe bakwai suka haɗu a birnin Lwow na Polan, wanda yanzu yake cikin Yukren da sunan Lviv, suka kafa hukumar harbin kibiya ta duniya mai suna FITA, aka kuma yi gasar duniya ta farko a nan. A 2011 aka canza mata suna zuwa World Archery, hedkwatarta tana Lausanne a Suwizalan. Daga cikin ayyukanta akwai tsara zagaye guda na kibau 144 a nisa huɗu: maza mita 90 da 70 da 50 da 30, mata mita 70 da 60 da 50 da 30. Wata mata mai suna Inger Frith, wadda ta shugabanci hukumar daga 1961 zuwa 1977, ita ta yi ta kai gwauro da mari har aka mayar da wasan Olamfik a Munich a 1972. A can Amurkawa biyu, John Williams da Doreen Wilber, suka lashe zinaren maza da na mata.

Sauyin Tsari

Dawowar ba ta kawo ƙarshen matsala ba. A wancan tsari kowane maharbi kibau 288 yake harbawa cikin kwana huɗu, duka a jere kan layi ɗaya, ɗan kallo bai san wanda ke gaba ba sai an gama lissafi. Hausawa sun ce in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. A Seoul a 1988 aka ƙara gasar rukuni. A Barcelona a 1992, inda Antonio Rebollo ya harba kibiya mai wuta a bikin kunna wutar wasannin, aka shigo da karon mutum biyu-biyu daga nisan mita 70, wanda aka kayar ya fita. A Landan a 2012 aka shigo da ƙidayar turmi-turmi, sannan a wasannin Tokyo da aka yi a 2021 aka ƙara gasar haɗin namiji ɗaya da mace ɗaya.

Yadda Ake Gudanar da Gasar

Allon da ake harbi faɗinsa santimita 122 ne, an zana masa da'ira goma, ɗaya cikin ɗaya. Biyun tsakiya rawaya ne, maki 10 da 9; sai ja, 8 da 7; shuɗi, 6 da 5; baƙi, 4 da 3; fari, 2 da 1. Da'irar maki goma faɗinta santimita 12.2 ne kawai, ba ta fi murfin ƙaramin kwano ba, kuma daga mita 70 ake nufarta. Idan kibiya ta taɓa layin da ya raba da'ira biyu, babban makin ake ba ta.

A Olamfik ta Paris ta 2024 maza 64 da mata 64 aka ɗauka, kuma babu ƙasar da aka yarda ta kawo fiye da maza uku da mata uku. Gurabun ana samun su ne ta gasar duniya da gasannin nahiyoyi da wasu gasannin share fage. Ranar farko kowa yakan harba kibau 72, mafi girman abin da za a iya samu maki 720. A 2019 Brady Ellison na Amurka ya sami 702 a birnin Lima, a 2024 kuma Lim Si-hyeon ta Koriya ta Kudu ta sami 694 a Paris. Da wannan sakamako ake jera maharba: na ɗaya ya kara da na 64, na biyu da na 63, haka har ƙarshe.

A karon, kowane turmi kibau uku-uku ne. Wanda jimlarsa ta fi ya ɗauki maki biyu, in an yi kunnen doki kowa ya ɗauki ɗaya, wanda ya riga kai shida ya yi nasara. A matakan ƙarshe ana harbi bi da bi, kowa da daƙiƙa 20 ga kowace kibiya. In aka tsaya biyar da biyar, sai kowa ya harba kibiya ɗaya tak, wadda ta fi kusa da cibiyar allo ita ta ci. A gasar rukuni mutum uku ke harba kibau shida cikin minti biyu, kuma maki biyar ake nema.

Bakan da aka saba gani a Olamfik shi ne mai tanƙwararrun baki biyu, wanda ake ja da yatsu. Akwai kuma baka mai taya, wanda wani Ba'amurke, Holless Wilbur Allen, ya ƙirƙira a 1966. Ƙananan tayoyin da ke bakinsa suna rage wa maharbi nauyin riƙe tsirkiya. Shi daga mita 50 ake harba shi, a allo mai santimita 80, kibau 15 a karo guda, a tara makinsu. Ya shiga gasar duniya a 1995, kuma a 2025 aka amince da shi a Olamfik ta Los Angeles ta 2028. Ban da Olamfik, ana yin gasar duniya duk shekara biyu, kuma tun 2006 akwai gasar cin kofin duniya mai zagaya birane.

Masu buƙata ta musamman ba a bar su a baya ba. Hasali ma, wasannin da Likita Ludwig Guttmann ya shirya wa sojoji 16 masu raunin laka a asibitin Stoke Mandeville a 1948, waɗanda suka zama tushen wasannin nakasassu na duniya, gasar kibiya ce. A Paris a 2024 Matt Stutzman, wanda aka haifa ba hannu, ya ci zinare yana riƙe baka da ƙafa.

Koriya da Chadi

Matan Koriya ta Kudu sun lashe zinaren rukuni sau goma a jere, daga 1988 zuwa 2024. Suna fara koyar da yara tun firamare, kamfanin Hyundai yana tallafa wa ƙungiyarsu tun 1985, kuma kowace shekara sai an sake gasar zaɓen 'yan wasa, ba sani ba sabo. An San, wadda ta ci zinare uku a Tokyo, ba ta tsallake zaɓen 2024 ba, aka tafi Paris ba da ita ba. A can Kim Woo-jin ya doke Brady Ellison a karon ƙarshe da kibiyar raba gardama: dukansu sun sami goma, tazarar da ta raba su ba ta kai milimita 5 ba.

Wanda Kim ya fara karawa da shi a wannan gasa maƙwabcinmu ne, Israel Madaye na Chadi, wanda ya zo na 64. An doke shi shida da babu, amma ya tsaya a layi ɗaya da gwanin duniya da tutar ƙasarsa, kamar yadda Marlyse Hourtou ta yi wa Chadi a Tokyo.

Kammalawa

Abin da wannan tarihi ya nuna mana shi ne, gwaninta kaɗai ba ta raya baka a Turai ba. Mutanen da suka zauna suka rubuta ƙa'ida, suka yi haƙurin shekara 41 tsakanin 1931 da 1972, su suka raya shi. Mu kuwa har yanzu muna da dattawan da suka san icen da ake sassaƙa baka da shi, da yadda ake murza tsirkiya, da yadda ake auna iska kafin a saki kibiya, amma kullum raguwa suke yi, kuma abin da suka sani ba a rubuce yake ba. Idan muka je gida salla bana, mu kai yaranmu wurin Sarkin Baka su ji daga bakinsa, mu rubuta abin da ya faɗa. Fili mai tsawon mita 70 ba ya wuya a garinmu, haka ma allo da damin ciyawar da za a jingina shi. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya kai mu baɗi lafiya.