Gidan zanen Kyuba da aka sa wa bam sau biyu a Mayami

Jama'a, duk lokacin da na ga ana ta muhawara kan takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba wa Kyuba tun 1962, wani ɗan gidan baje kolin zane-zane nake tunawa. A 1982 aka buɗe shi a wani tsohon ofishin 'yan kwana-kwana da ke unguwar Little Havana a birnin Mayami. 'Yan Kyuba da suka gudu daga mulkin Fidel Kastro ne suka kafa shi don kada 'ya'yansu su manta gida.

Rigima ta tashi a 1988, da aka yi gwanjo aka haɗa da ayyukan masu zanen da ba su bar Kyuba ba. Wani ya sayi zanen ɗawisu na Manuel Mendive kan dala 500, ya fito titi ya banka masa wuta. Shi Mendiven nan, yawancin zanensa daga al'adun Yarbawa da aka kai Kyuba zamanin cinikin bayi yake ɗebowa. Ba a jima ba bam ya tashi a ƙofar gidan, wani ya sake tashi a 1990.

A 1989 kuma jami'an kwastam suka kwashe zane sama da 200 daga hannun Ramón Cernuda, ɗaya daga cikin shugabannin gidan, wai ya karya takunkumi. Kotu ta ce a mayar masa, domin dokar Berman ta 1988 ta cire kayan ilimi da bayanai daga takunkumin, kuma zane yana cikinsu. Hukumar birnin ta nemi korar su daga ginin, a 1991 kotu ta hana.

To amma cin shari'a bai cika asusu ba. Masu ba da gudummawa suka ja baya, a 1999 aka rufe gidan, kayansa suka koma gidan adana zane na Lowe a Jami'ar Mayami.

Ni dai a ganina, mutanen da suka ƙona zanen nan suna da ciwon da ba za a raina ba, sun rasa gida da dangi. Sai dai sun huce a kan mai zane, alhali da gwamnati suke faɗa. Hukuncin 1989 ɗin nan kuwa ya share wa masu zanen Kyuba hanyar sayar da aikinsu a Amurka.

Ku fa, ya kuke gani? Takunkumi ya kamata ya shafi mai zane?