Gudu daga Surar Jiki: Nazari a kan Motar Alfa Romeo Giulietta Sprint Speciale

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi tarihin Alfa Romeo Giulietta Sprint Speciale, wadda aka fi sani da SS, mota mai ƙofa biyu da rufaffen kai da aka fara nunawa a Turin a 1957. Hujjar maƙalar ita ce surar jikin motar ta yi aikin da ƙarin ƙarfin inji zai yi, kuma wannan ne tushen farin jininta har yau, duk da cewa ba ta taɓuka abin kirki a fagen tsere ba.

Gabatarwa

Italiya ta shekarun 1950 ƙasa ce da ke farfaɗowa daga Yaƙin Duniya na Biyu. Fetur yana da tsada, harajin mota kuwa girman inji yake bi, don haka mai son gudu ba ya iya yin abin da Amurkawa ke yi na ƙara wa inji girma. A shekarar da aka nuna SS ne kamfanin Fiat ya fitar da ƙaramar motarsa Nuova 500 mai ƙarfin doki 13 kacal, wadda ita ce daidai aljihun yawancin mutane. Shi kuwa Alfa Romeo, da ke hannun gwamnati tun 1933, ya tsira ne ta hanyar barin ƙera tsirarun motocin attajirai ya koma ga Giulietta, wadda ta fito a 1954 da inji mai cc 1,290. Tambayar da ke gaban injiniyoyin kamfanin a masana'antar Portello ta Milan ita ce iyakar gudun da za a iya tatsa daga wannan ƙaramin inji.

Mai zanen da hanyar aikinsa

Kamfanin Bertone na Turin, mai ƙera jikin motoci, shi aka ba aikin, zanen kuma ya faɗa hannun Franco Scaglione. An haife shi a Florence a 1916, ya fara karatun injiniyancin jiragen sama, yaƙi ya katse masa hanzari, aka kama shi a Libiya, ya yi shekaru a tsare a Indiya. Bayan ya dawo gida ya taɓa zanen tufafi kafin ya shiga harkar mota. Tsakanin 1953 da 1955 ya zana motocin gwaji uku a kan injin Alfa Romeo 1900, wato BAT 5 da BAT 7 da BAT 9, masu dogayen fikafikan baya da suka lanƙwasa ciki. Ba don kasuwa aka yi su ba. Da su ya gwada yadda iska ke manne wa jikin mota da inda take rabuwa da shi, kuma SS ita ce abin da ya rage bayan an cire fikafikan an bar darasin: hanci mai sunkuyawa, gilashin gaba mai zagaye, gefe sumul, da baya mai tafiya yana tsukewa. A lokacin babu ramin gwajin iska mai ɗaukar cikakkiyar mota a Italiya, domin na Pininfarina sai a 1972 aka buɗe shi. Saboda haka akan liƙa zaren ulu a jikin motar, a tuƙa ta a babbar hanyar Milan zuwa Turin, a ɗauki hoto daga wata motar. Inda zare ya kwanta iska na tafiya lafiya, inda ya tashi yana kaɗawa akwai gyara.

Abin da lissafi ya nuna

Ana yawan ambata 0.28 a matsayin ma'aunin turjiyar iska na SS, adadin da motocin kasuwa suka daɗe ba su kai ba. Mai shakka zai ce ba za a dogara da adadin da aka samu kafin ingantattun na'urorin awo ba, kuma yana da gaskiya. To amma akwai wata hanyar gane bakin zaren. Ƙarfin da mota ke buƙata don keta iska yana hauhawa fiye da gudun kansa: idan aka ninka gudu sau biyu, ƙarfin da ake buƙata zai ninku sau takwas. 'Yar'uwar SS, Giulietta Sprint Veloce, tana da ƙarfin doki 90, tana kai kilomita 180 a awa. SS tana da ƙarfin doki 100 daga inji mai girma ɗaya, tana kai kilomita 200. Da a jikin Sprint Veloce aka ɗora wannan ƙarin doki 10, gudun zai tsaya wajen kilomita 186. Kafin ta kai 200 da wancan jiki sai ta samu ƙarfin doki kusan 123. Ke nan surar jikin SS, tare da giya biyar da aka sa mata, ta biya bashin ƙarfin doki sama da 20 da injin ba shi da su. Ko da an ce kamfanin ya yi ƙari a alƙalumansa, aka sauke gudun SS zuwa 190, tsohon jikin zai buƙaci doki kusan 106, wanda har yanzu ya haura abin da SS ke da shi.

Batun tsere

Suka mafi nauyi ita ce motar ta gaza a abin da aka yi ta dominsa. Gaskiya ne an tsara ta da niyyar tsere, shi ya sa aka fara ƙera guda 101 masu hanci ƙasa-ƙasa a 1959 don cika sharaɗin hukumar wasanni. Masu tsere kuwa wata motar suka zaɓa. Bayan Sprint Veloce ta 'yan gidan Leto di Priolo ta yi haɗari a tseren Mille Miglia na 1956, kamfanin Zagato ya sake mata jiki marar nauyi na alminiyam, ta shiga cin gasa, daga nan aka samu Giulietta SZ, wadda ta fi SS sauƙi da kimanin kilogiram 100. A hanya mai yawan kwana da hawa, inda ake ta taka burki ana sake tashi, rashin nauyi ya fi santsin jiki amfani. Sai dai wannan suka ta manta da lokaci. A watan Mayun 1957 ana tsakiyar Mille Miglia motar ɗan tsere Alfonso de Portago ta kashe 'yan kallo a Guidizzolo, aka rufe Mille Miglia, tseren mil dubu a kan hanyoyin jama'a inda gudu mai ɗorewa ke da amfani. Watanni kaɗan bayan haka aka nuna SS. An haife ta ne bayan fagen da ya dace da ita ya shuɗe. Akwai kuma wata suka ta fasaha da ya kamata a karɓa: a 1961 Ercole Spada na Zagato ya yanke wa SZ wutsiya bisa binciken Bajamushe Wunibald Kamm, ya nuna cewa baya mai datsewa yana iya rage turjiya ba tare da nauyin dogon baya ba. Hanyar Scaglione ba ita kaɗai ba ce, kuma masana'antar mota bayan Spada ta bi.

Inda ta samu gurbinta

Fagen da SS ta samu shi ne sabuwar babbar hanya. An fara gina Autostrada del Sole a 1956, aka kammala a 1964, ta haɗa Milan da Naples a tsawon kilomita sama da 750. A irin wannan hanya, inda direba ke riƙe gudu ɗaya na sa'o'i, kowane ragin turjiya yana komawa ragin mai da ragin wahalar inji. Alfa Romeo ya gane haka, ya sa wa motar bamba, ya ƙawata cikinta, a 1963 kuma ya ɗora mata inji mai cc 1,570 da ƙarfin doki 112 da sunan Giulia SS. An ƙera 1,366 na farkon da 1,400 na biyun, adadin da ya ninka na SZ fiye da sau goma. Masu saye sun yarda da ƙuncin ciki da ƙaramin farantin roba da aka kafa a gindin gilashin gaba don kare waifa daga iska, abin da ke nuna cewa surar ta haifar da nata matsalolin kuma an magance su a fili. Darajar wannan layin zane a idon masu tara tsofaffin motoci ta bayyana a Oktoban 2020, lokacin da RM Sotheby's ya sayar da motocin BAT ukun tare a kan dala miliyan 14.8. Waɗancan guda ɗaya-ɗaya ne da ba a ƙera su don kasuwa ba. SS ce kaɗai daga cikin dangin da aka ƙera da yawa don mutum ya saya ya yi mata rajista ya hau hanya da ita.