Sana'ar Binne Iskar Kabon

Matasan da ke shigowa wannan fage namu suna zaton fargabar ɗumamar yanayi ce ta haife shi. Ina! Masu haƙar mai da gas ne suka haife shi, kuma riba ce ta kawo su. Tun 1930 wani Ba'amurke, Robert Bottoms, ya yi rajistar dabarar wanke gas da ruwan sinadarin amin. Ruwan ya kama kabon, a dafa shi ya saki, a sake mayar da shi bakin aiki. Har gobe da wannan dabara yawancinmu muke aiki, kuma dahuwar nan ce ke lashe makamashi da kuɗi. A 1972 aka soma ɗura kabon cikin tsofaffin rijiyoyin mai a Texas, don ya tsinka ɗanyen man da ya maƙale ya fito. Ba wanda ya damu da inda iskar ta kwana.

Binnewa da gangan sai a 1996, a filin gas na Sleipner da ke ɓangaren Norwe na Tekun Arewa. Gas ɗin wurin kusan kashi 9 cikin ɗari kabon ne, dole a tace kafin a sayar, ga kuma harajin da gwamnati ta ɗora wa hayaƙi tun 1991. Da kamfanin Statoil ya yi lissafi, sai ya ga binnewa ta fi biyan haraji araha. Aka dinga tura kusan tan miliyan ɗaya a shekara cikin wani dutsen yashi mai shan ruwa kamar soso.

Sleipner ta shagwaɓa mu, sai Sahara ta koya mana hankali. A In Salah ta ƙasar Aljeriya, BP da Sonatrach da Statoil sun fara ɗura kabon a 2004, cikin wani siririn dutse mai kaurin mita 20, a zurfin kusan kilomita biyu. Dutsen ba ya karɓar iska da sauƙi, matsi ya yi ta hawa. Tauraron ɗan'adam ya hango ƙasar da ke saman rijiyoyin ta kumbura da kusan santimita biyu, alamu kuma suka nuna tsaga a gindin dutsen da ya rufe ma'ajiyar. A 2011 aka dakatar, bayan an binne tan miliyan 3.8. A ganina babu aikin da ya ƙare mu kamar wannan, don tun daga nan duk mai hankali a cikinmu matsi yake fara tambaya kafin girman fili.

Tashoshin lantarki masu ƙona kwal kuwa, can ne aka fi zubar da kuɗi. Petra Nova, na'urar kama kabon a wata irin wannan tasha a Texas, ta buɗe a 2017, tana tura wa wani filin mai kabon ɗin da ta kama. Da farashin mai ya faɗi warwas a 2020 aka rufe ta, ba ta sake tashi ba sai 2023.