Daga Allo Zuwa Littafi Mai Hotuna: Tarihin Ranar da Yaro Ya Fara Makaranta

Duk lokacin da aka zauna zancen tarihin rubuce-rubucen Hausa, mukan fara da Ruwan Bagaja da Ganɗoki, mu gangaro har zuwa littattafan soyayya na Kano. Ba safai muke tuna ƙaramin yaron nan ɗan shekara huɗu ko biyar ba, wanda aka kama wa hannu da safe aka nufi makaranta da shi yana turjewa. Shin wane littafi aka taɓa rubutawa dominsa? Mu da muke koyarwa a nan ƙasar Gobir, tsakanin Isa da Sabon Birni, tambayar ta daɗe tana damunmu, don haka muka ga ya kamata mu waiwayi tarihi.

Kafin zuwan boko, yaron garinmu bai san ranar farko mai ban tsoro ba, domin makarantar allo a unguwarsu take, a zaure ko a gindin itace. Wansa ko yayarsa ke riƙe hannunsa su tafi, malamin kuwa sau da yawa abokin ubansa ne. Akan haɗa shi da ɗan abin sadaka, gumba ko ƙosai, a raba wa 'yan makaranta, ka ga tun ranar ya yi abokai. Ba a matsa masa da rubutu. Yakan yi watanni yana bin baki har ya riƙe Fatiha da gajerun surori, sa'annan a yi masa allo ya shiga babbaƙu, daga nan farfaru. Babu hoto a wannan karatu, in ban da zayyanar da akan ƙawata allo da ita ranar sauka, ita kuwa sai bayan shekaru. Da dare kuma kaka na nan da Gizo da Ƙoƙi. Wato dai aikin lallashin yaro mutane ne suka yi shi, ba takarda ba. Ba mu ce babu bulala ba, akwai ta, amma yaro ya san hannun da ke riƙe da ita.

A Turai kuwa tun a 1658 wani malami ɗan ƙasar Cek mai suna Komeniyus ya fitar da littafin Orbis Pictus, inda ya jera hotunan abubuwa da sunayensu, kuma shi ake yawan ambata a matsayin littafin hotuna na farko da aka yi don yara. A 1840 wani Bajamushe, Firobel, ya raɗa wa ajin ƙananan yara sunan da ma'anarsa ita ce lambun yara. Saboda haka Turawan da suka kawo mana boko sun san amfanin hoto tun daga gida.

To amma abin da ya dame su a nan daban ne. Lokacin da Hans Bisha, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, 'ya'yan sarakuna da malamai aka kai masa, waɗanda za su zama ma'aikatan En'e. Hukumar Fassara da aka kafa a Kano a 1929, aka mayar da ita Zariya, ita ma littattafan masu iya karatu ta sa gaba. Gasar 1933 ta Dokta R. M. East ta haifar da ƙagaggun labarai na farko, sa'annan Magana Jari Ce ta Abubakar Imam ta biyo baya daga 1937. Akwai hotuna jefi-jefi a cikinta, kuma babu ɗan makarantar da zai manta da aku, amma kowa ya san ba littafin ɗan shekara biyar ba ne. Kamfanin Gaskiya ya zo a 1945, Hukumar NORLA a 1953, kuma yawancin ƙananan littattafan da ta yi ta bugawa har zuwa 1959 na Yaƙi da Jahilci ne, wato na magidanta.

A wancan zamani tsoron makarantar boko ba na yaro kaɗai ba ne, har da iyayensa. Dattawanmu suna ba da labarin yadda ake rubuta yara ta hannun hakimi da dagaci, da yadda wasu kan ɓoye 'ya'yansu a rumbu ko su tura su wajen dangi a hayin iyaka. Yaron da aka fitar daga rumbu aka kai aji, wane hoto ne zai kwantar masa da hankali?

Littattafan da suka fi kusa da biyan wannan bukata su ne Ka Koyi Karatu, da Ka Ƙara Karatu, da Ka Yi Ta Karatu, waɗanda kamfanin NNPC na Zariya, wanda aka kafa a 1966, ya yi ta bugawa shekara da shekaru. Mu da muke cikin shekaru arba'in da wani abu yanzu, da su muka buɗe ido. Ga hoto, ga kalma a gefensa, ga gaɓoɓi ana rerawa da ƙarfi har a jiyo mu daga bakin hanya. Alherin waɗannan littattafai ba ya faɗuwa, domin abubuwan da ke cikinsu na gidajenmu ne, yaro na gani ya gane. Sai dai mu lura da wani abu: an yi su ne don koyar da baƙaƙe da wasula. Yaron da suke magana da shi ya riga ya zauna, ya share hawaye, ya fuskanci allo. Yadda aka yi ya zauna ɗin, wannan an bar wa malami da tsumagiyarsa.

A watan Satumba na 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta fara shirin ilimin firamare kyauta, wato UPE, aka kwashi yara birni da ƙauye. Da yake babu takardar haihuwa, sai a ce yaro ya ɗora hannu bisa kai ya taɓo kunnensa, in ya taɓo ya isa shiga. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ambaci karatun share fage na 'yan ƙasa da shekara shida, har ta ce a yi shi da harshen uwa ko harshen da ake yi a wurin, amma ta bar shi a hannun 'yan kasuwa. Sakamakon haka nazare ta zama abin 'ya'yan ma'aikata a Sakkwato da Kaduna da Kano, da littattafan Turanci masu hoton tufa da dusar ƙanƙara. Ƙauye irin Tozai bai san ana yi ba.

Abin ya fara sauyawa a takarda bayan da aka ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato ranar 30 ga Satumba, 1999. Dokarsa ta 2004 ta haɗa da kula da ƙananan yara, kuma manufar ilimi ta 2013 ta tanadi shekara ɗaya ta share fage kafin aji ɗaya a makarantun gwamnati. Daga 2015 wani shiri da Amurka ta tallafa wa ya kawo littattafan Mu Karanta a wasu ƙananan hukumomin jihohin Sakkwato da Bauchi, masu hotuna da labarai cikin Hausa, na aji ɗaya zuwa uku. Aiki ne mai kyau, amma shi ma koyon karatu ya sa gaba. Ajin share fagen kuwa, inda ma aka buɗe shi, sau da yawa tabarma ce da malama ɗaya da yara fiye da yadda za ta iya ƙirgawa, babu ko takarda mai hoto a bango.

A wasu ƙasashe akwai littattafai da aka yi musamman don wannan rana. Wanda ya yi fice a Amurka shi ne The Kissing Hand na Audrey Penn, na 1993, labarin ɗan wata dabbar dajinsu da ke tsoron makaranta, uwarsa ta sumbaci tafin hannunsa don ya riƙa tunawa da ita. Wani zai ce a fassara shi kawai a huta. Mu dai ba mu ga haka ba. Uwar da ke kunyar ɗan fari, wadda ko sunansa ba ta faɗi, ita ce za a zana tana sumbatar hannunsa a gaban jama'a? A gidajenmu kaka ce ke wannan aiki, ko goggo, ko yayar da ke goya shi. Su ya kamata yaro ya gani a hoto.

Ga kuma abin da ya fi wannan nauyi. Tun daga 2019 dubban mutanen wannan yanki suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi saboda 'yan bindiga. A watan Mayu na 2020 an kashe mutum fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni. An rufe makarantu, wasu sun zama masaukin 'yan gudun hijira. Yaran da aka haifa a waɗannan shekaru su ne ke isa shiga aji yanzu, kuma kukan da suke yi in an bar su a makaranta ba na shagwaɓa ba ne. Akwai wanda ya taɓa ganin an fita ba a dawo ba. Muna ganin ƙarshen abin a sakandare, inda ɗalibi kan iso aji ɗaya bai iya haɗa baƙi ba, in ka bincika sai ka tarar tun farkon shigarsa firamare zuwa yake yana gudowa.

'Yan uwa marubuta, mun cika kasuwa da littattafan manya, kuma masu zanen da ke ƙawata mana bangon littafi suna nan. Abin da ake bukata bai wuce shafi goma sha shida ba, da jimla ɗaya a ƙarƙashin kowane hoto, yadda yaya 'yar aji huɗu za ta iya karanta wa ƙanenta a tsakar gida. A nuna yaro da yayarsa a kan hanya, a nuna malama ta san sunansa, a nuna randar ruwa da inda ake zagayawa, domin waɗannan ne ke damun yaro ba ya iya faɗi. Shafin ƙarshe kuma lalle ya nuna an tashi, an zo ɗaukarsa, ya tarar da kowa a gida. Sai dai mai zanen ya yi hattara da abu guda. A littattafan birni akan zana uba ya kawo ɗansa makaranta a kan babur. A Tozai da maƙwabtanta, yara da yawa in suka ji ƙarar babur daga nesa wajen ɓuya suke nema, don haka a littafinmu gara a zana su suna tafiya a ƙasa.